Takin da Ya Ƙi Narkewa

Gure, 6 ga Oktoba

Zuwa ga mijina na Kano, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar matar da miji ya tafi ya bari da tsohon zane. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci, kana salla a kan lokaci. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ce ita ta gama aikin duniya, ta dama ce ke ta rarrashinta. Babanka Abdu yana gaishe ka, ya tafi Bune da awaki. Damina ta yi kyau, ruwan rijiyar lambuna a kwari ya hau har ina ɗebowa da gajeriyar igiya.

Kada ka sake aiko mini cewa in kira ka a waya. Ka san kunnena. Ka yi ta magana ina cewa amin, ban san ko addu'a kake yi ko zagina kake ba. Shekara uku na yi ina zama a kan tabarma a lakwal, makarantar manya, da furfurata, ba don in shiga kabari da rubutun a ciki ba. Ɗanladi direba yana kai kanwa Kano duk sati biyu, shi ne wayata. Ka karɓi takarda a hannunsa, ka ba shi amsa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna Yabawa, mai lambun da ke jikin nawa, wadda take korar ka da kara in ka shiga rakenta? Ɗan ƙanwarta ya dawo daga Kano, ya ce ya gan ka tsaye cikin tsibin fasassun robobi har ƙugu. Tun ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba. Muna ban-ruwa sai ta ɗago kai ta ce, "Habsu, ina labarin jikanki mai tonon bola?" Na ce mata kai mai inji ne. Ta ce, "Allah sarki, ashe bola ma ta yi inji."

Ni kuwa na rasa abin ramawa, don gaskiya ban gane aikin nan naka ba. Ka ce mini shekara huɗu kana ware roba da hannu kafin Alhaji Jibirilla, mai gidan aikin naku, ya yarda ya ba ka injin. Na yi murna, na raba goro. Amma da aka tambaye ni injin me, sai na ce na roba, na kawo wata hira. Ka aiko mini abin da zan riƙe a hannu in nuna wa matar nan, in ta ga dama ta cije shi.

Abu na biyu. Na zuba irin albasa, ya fito kamar gashin jariri. Ina son takin zamani, farin nan mai ƙwaya-ƙwaya. An ce na Kano ya fi ƙarfi. Ko tiya ɗaya ce ta ishe ni. Miji da ba ya sayen zane, ai ya sayi taki.

Na sa maka dabino na itacen da kakanka ya dasa, da yajin da na daka da hannuna. Kada ka raba wa ƴan matan Kano, zan ji.

Matarka ta fari,
Habsu

Kano, 19 ga Oktoba

Kaka, amaryata mai gwiwa ɗaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, dabino ma ya iso, sai dai Ɗanladi ya rantse ledar ce ta huje a hanya. Ina lafiya. Ki gaida Baba, ki gaida Inna Yabawa, ki ce mata na yafe karan.

Ga aikin, ki karanta mata a hankali. Masana'antun da ke yin bokiti da kujera da buta suna da nasu sharar. Akwai bokitin da ya fito a karkace, akwai gefe-gefen da inji ke yankewa, akwai kuma ƙwayoyin sabuwar roba da ke zubewa a ƙasa ana sharewa. Da can zubarwa suke yi. Mu ne muke kwaso su. Manyan mu niƙa, ƙananan mu tankaɗe yashi, mu bi da maganaɗisu saboda ƙusa. Daga nan sai su zo wurina. Injina yana narkar da su, su fito kamar taliya, su bi ta ruwa su huce, wuƙa ta yanka su ƙanana. Mu cika buhu, mu mayar wa masu bokiti, su ƙera sabo. Ba ma zuwa bola, Kaka. Bola ce ma muke hanawa ta cika.

Na sa miki abu biyu a kwali. Butar nan shuɗiya da robarmu aka yi ta. Farin abin da ke cikin leda kuwa sharar ƙwayoyin roba ce, yadda take zuwa mana a buhu kafin ta shiga injina. Ki nuna wa Inna Yabawa biyun, ki ce wannan ne ya zama wancan. Ba abin ci ba ne, kuma ba taki ba ne, ko da yake sun yi kama. Takinki ban samu na je kasuwa ba, zai biyo baya.

Dalilin rashin zuwa kasuwar shi ne abin da ban gaya wa Baba ba. Sati uku ke nan robar da ke fitowa daga injina tana zuwa da ɗigo-ɗigon baƙi, tana wani wari mai yaji a ido. Masu bokiti sun dawo da buhuna, sun ce kayansu na tsagewa tun kafin su kai kasuwa. Kowa ya ce ni ne nake ƙona ta da zafi. Na rage wuta, na ƙara, na kwance injin na wanke cikinsa sau biyu, ba abin da ya canza. Alhaji mutumin kirki ne, amma jiya ya ce in wata ya ƙare ba a ga gyara ba, zai kawo wani ya gwada hannunsa. Ki sa ni a addu'a, irin ta gaske, ba amin ɗin waya ba.

Mijinki da ba ya sayen zane,
Fadilu

Gure, 27 ga Oktoba

Zuwa ga babban ɗan kasuwar Kano,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da sabuwar sana'a. Lafiyarmu lau, gwiwa ma ta ji sauƙi don dariyar da na sha.

Ɗanladi ya kawo kwali. Na ce ina takarda? Ya lalube aljihu, ya ɗaga kujerar mota, ya ce wallahi kwali kaɗai ya gani. To, miji ya girma, ya daina rubuta wa matarsa. Na buɗe, na ga buta. Madalla, ta yi kyau, har na yi alwala da ita. Na ga fari a leda, na ce kai, yaron nan Allah ya yi masa albarka, ga takina.

Na ɗauka sai kwari. Yabawa na ganin ledar ta ajiye guga ta taho. Na ce, "Ki tsaya daga nan, kayan Kano ne, ba a kallonsa da ido biyu." Ta sa hannu ta murza, ta sansana, ta ce ba ta taɓa ganin mai tsabtar wannan ba, ko wari babu. Ta yi ta yabonka, bakin da ya ce maka mai bola. Daɗi ya kwashe ni na auna mata kofi biyu. Nan take ta watsa wa tumatirinta.

Ni ka san ba na watsa wa jaririn albasa taki a bushe, ƙona shi yake yi. Jiƙawa nake yi a ƙwarya, in ya narke in zuba a arozuwar, butar ban-ruwa, in yayyafa. Na ɗebi ruwan rijiya, na zuba cikin hannu biyu, na motsa da kara. Na je na cire ciyawa, na dawo, yana nan. Na yi azahar, na dawo, yana nan yana kallona. Na kai shi gida na sa a ruwan zafi. Yaro, ko dutsen niƙa da ya ji motsawar da na yi wa abin nan da ya saki jiki.

Sai na lura da wani abu. Ashe ba ma iri ɗaya ba ne. Yawancinsu sun taso sama suna yawo kamar ƙaiƙayi, kaɗan sun kwanta a gindin ƙwarya. Uwata, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini: duk irin da za ki shuka, ki fara ba ruwa ya duba miki. Mai ƙwari da fanko su tashi, na kirki ya kwanta. Na kwashe na saman da rariya, na tsiyaye ruwan, na zauna na ƙirga kamar marar aikin yi. A kowane bakwai, ɗaya ne ya nutse. Na sake da wani cikin hannu, haka. Na cije su da haƙorin nan nawa na gefe da ya rage. Na saman yana ɗan lotsawa, na ƙasan kuwa kamar tsakuwa. A ido ba ka raba su, sai ka kai su rana ka ga na ƙasan yana ɗan shuɗi-shuɗi.

Wato kashi shida ƙaiƙayi aka sayar maka, kashi ɗayan ma da ya nutse ya ƙi narkewa. Ko dai an cuce ka a kasuwa kamar baƙauye, ko kai ne ka zauna ka haɗa wa kakarka. Ni na fi zargin na biyu, don na san jinin. Kakanka ya taɓa kawo mini turare a kwalba daga Zinder, ashe ruwan shayi ne. Macuci jikan macuci. A gaya wa Alhajinku ya riƙa ƙirga yatsunsa in kun gaisa.

Ban gaya wa Yabawa ba. Kullum tana tsugune tana jiran takinta ya narke, tana ƙara masa ruwa safe da yamma. Ni kuwa ina ba ta ƙarfin gwiwa, ina cewa na Kano haka yake, sai da haƙuri.

Na gode da buta. Ita kam ba ta yoyo, na gwada.

Matar da aka cuta,
Habsu

Gure, 24 ga Nuwamba

Jikana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka da lafiya. Mu lafiya. Yau ba wasa a bakina.

Zuwa biyu Ɗanladi ya yi ba amsa. Na farko na ce fushi kake, na yi dariya. Na biyu ban yi dariya ba. Babanka ya kira ka, ya ce ka ce masa lafiya lau, ka kashe kafin ya ƙara tambaya. Na san wannan lafiya lau ɗin, kakanka ma da ita yake rufe ƙofa.

Shekaranjiya Ɗanladi ya shigo gidan nan yana sosa ƙeya. Wai a hanya aka tambaye shi takardun mota, ya zaro su, sai ga takardarka ta faɗo daga tsakiya. Wata guda tana tafiya Kano tana dawowa ba ta biya kuɗin mota ba. Na zauna a bakin ƙofa na karanta. Da na zo inda ka ce ba taki ba ne, na rufe fuska da mayafi. Da na zo ƙarshe, inda ka ce Alhaji zai ba wani injin, sai na ji kamar an zare mini tabarma.

Na riƙe rigar Ɗanladi na ce ba ya fita sai ya gaya mini gaskiya. Ya ce ranar da ya kai takardata gidan aikinku bai same ka ba. Tsohon mai gadinku Modu, mutumin wajen namu, shi ya ce masa an ce ka zauna gida tukuna, wani ne a kan injin. Sai ya bar takardar a hannun Modu. Ya ɓoye mini don kada hankalina ya tashi.

Ka ga abin da na yi. Kai kana can ana cewa ka ɓata aiki, ka rubuto wa kakarka kana neman addu'a, ita kuwa ta aika maka da macuci jikan macuci. Har da cewa Alhajinku ya ƙirga yatsunsa. In takardar nan ta faɗa hannunsa fa? Mutumin bai san wasan kaka da jika na gidanmu ba. Zai ce yaron da kakarsa ma ta shaide shi da cuta, me zai hana ya cuce ni. Kwana biyu ina juya wannan a raina.

Ga abin da nake roƙo. Na sa Ɗanladi ya nemi ɗakinka ya ba ka wannan hannu da hannu. Ka je wurin Modu ka karɓi waccan. In ba a buɗe ta ba, kada ka buɗe. Ka yaga ta, ka sa a wuta, ko ka jefa a injin niƙanku. Babu komai a cikinta sai haukan tsohuwa.

Ni ban san inji ba, amma na san hannunka. Kana shekara tara ka kwance rediyon kakanka ka mayar, ta yi magana, har ta fi da. Yaron da ya yi wannan ba ya ƙona aikin mutane. In sun ƙi ganewa, ka dawo gida. Lambu na nan, rijiya ta cika, ni kuma ina bukatar mai ja mini guga. Ba abin kunya ba ne.

Addu'ar da ka nema ta makara wata guda, amma yanzu ina biya da ƙari. Ka yafe wa bakina.

Kakarka,
Habsu

Kano, 8 ga Disamba

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, lafiya ta gaske wannan karon. Ki zauna kafin ki karanta, saboda gwiwar.

Gaskiya ne, sati biyar ina gida. Alhaji bai kore ni ba, cewa ya yi in huta a gwada wani. Na kasa gaya wa Baba. Kullum ina fita da safe kamar mai zuwa aiki, in zauna wurin mai shayi ina zana injin a takarda ina neman inda na yi kuskure.

Da Ɗanladi ya ba ni takardarki ta biyu, washegari na tafi wurin Baba Modu. Ya ciro waccan daga cikin akwatin da yake ajiye carbinsa, a rufe kamar yadda kika liƙe ta. To, Kaka, kin ce kada in buɗe. Kin manta wa ya raine ni. Ko ƙofar ban bari ba na farke ta.

Na yi dariya har Baba Modu ya ce ko aljanu ne. Ina cikin dariyar na zo wurin da kika ce wasu sun tashi, wasu sun kwanta. Na koma na sake karantawa. Kaka, robar bokiti ba ta nutsewa. Duk wanda ya yi wata ɗaya a aikin nan ya san haka. Wadda ke nutsewa, mai tauri, mai ɗan shuɗi a rana, robar tiyo ce, irin ta fanfo. Ita ba ta jure zafin da ta bokiti ke so. In suka shiga inji tare, sai ta ƙone ta yi baƙi, ta yi warin nan, ta ɓata sauran.

Za ki ce to me ya hana mu gani. Robar da aka tsinto a gari ita ake wankewa a ruwa, don datti. Kayan masana'anta kuwa fes suke zuwa, ba mai jiƙa su, daga rariya sai inji. Mu goma sha wani abu a gidan, kowa na duba wuta da waya da ƙarfe, ba wanda ya zuba cikin hannu ɗaya a ruwa.

Na ce, "Baba Modu, ara mini kwanon shan ruwanka."

Ya ce, "An ce kada ka taɓa inji."

Na ce, "Kwano na ce, ba inji ba."

Na shiga sito na ɗebo daga buhun da na ɗebar miki. Na zuba, na motsa da yatsa. Suka rabu a gabana. Ina tsugune sai ga Alhaji ya fito daga ofis, fuska a ɗaure, don wanda aka kawo ma baƙin yake fitarwa.

Ya ce, "Fadilu, me ya kawo ka? Gari kake jiƙawa?"

Na miƙa masa kwanon. Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya tsamo na ƙasan, ya kai rana. Ya ce, "Wa ya nuna maka wannan?"

Na ce, "Kakata, a Gure."

Ya ce, "Aikin roba take yi?"

Na ce, "Albasa take yi."

Ban ga mafita ba sai na ba shi takardar. I, Kaka, duk ya karanta, har wurin yatsun. Ya ɗaga hannunsa ya ƙirga su a gaban ma'aikata, ya ce sun cika, ya yi dariya har ya share ido. Daga nan ya sa aka buɗe buhu ashirin, aka gwada ɗaya bayan ɗaya. Na tsofaffin wuraren da muke karɓa duk sun tashi. Na wata sabuwar masana'anta da muka fara karɓar shararta a watan Satumba, kowane buhu da mai nutsewa a ciki. Da aka je aka tambaya, ashe suna yin bokiti a ɗaki ɗaya, tiyo a ɗaki ɗaya, mai shara kuma ɗaya ne, buhunsa ɗaya. Ba wanda ya yi da mugunta. Fari ya gani, ya haɗa da fari.

Na koma kan injina ranar Litinin. Alhaji ya ba ni haƙuri a gaban kowa, abin da ban taɓa zato ba. Mun yanke wata tsohuwar tanki gida biyu mun cika da ruwa, yanzu ba buhun da ke wucewa sai ya yi wanka. Na sama a shanya a kawo mini, na ƙasa a shanya a kai wa masu tiyo, su ma suna so. Ma'aikata sun sa wa tankin suna Ƙwaryar Kaka, har wani ya rubuta da fenti. Robar farko da na fitar ta fito fara tas. Masu bokiti sun ƙera, sun cika ɗaya da ruwa, sun sako shi daga kan mota. Ya yi tsalle, bai tsage ba.

Ga shi nan na aiko miki ɗaya daga cikinsu, Alhaji ne ya zaɓa da hannunsa. Ga takinki na gaske. Ga kuma zane, don a daina yi mini gori. Wannan takardar a cikin bokitin na ɗaure ta, ban yarda da aljihun Ɗanladi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya wa Inna Yabawa gaskiya, ku kwashe robar nan daga lambunta. Ba ta ruɓewa, kuma kaji za su iya tsinta.

Kin ce in yafe wa bakinki. Bakin nan ne ya mayar da ni aiki. Kada ki kuskura ki gyara shi.

Macuci jikan macuci,
Fadilu

Gure, 22 ga Disamba

Zuwa ga mijina mai kunnen ƙashi,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta takardarka sau uku, na huɗun na sa babanka ya karanta da ƙarfi a tsakar gida don maƙwabta su ji. Lafiyarmu lau. Na dafa wake da shinkafa na raba sadaka. Ka gaida Alhaji Jibirilla, ka ce na gode da ya riƙe mini kai bai kore ka ba, kuma na gode da ya iya ba yaro haƙuri, ba kowane mai gida ke yi ba. Ka gaida Modu, na sa masa dabino daban, na ɗinke bakin ledar da zare saboda hujewar hanya.

Amma ka ji rashin kunya. Na ce kada ka buɗe, ka buɗe. Allah na gode maka da ka ba ni jika marar jin magana.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Wato waɗanda na kwashe da rariya na ce ƙaiƙayi ne, su ne na kirkin? Na ƙasan da na adana a kwalba ina cewa ko za su narke wata rana, su ne ɓarayin? Lallai duniyarku a kife take. Kada ka gaya wa masu fentin nan cewa mai ƙwaryar ba ta san wanne ne mai kyau ba. Ka bar su a kan cewa na sani.

Na je wa Yabawa da gaskiya kamar yadda ka ce. Na same ta cikin tumatir, wallahi bana ba wanda ya kai nata a kwarin nan, kowane kamar dunƙulen hannu. Na ce, "Yabawa, abin nan roba ce." Ta ce, "Hassada ce. So kike ki kwashe ki kai wa albasarki." Na ce, "Ke, wata biyu kina ba su ruwa sau biyu a rana don taki ya narke, da can sau ɗaya ma sai kin ga dama. Ruwan ne ya yi aiki." Ta ce ita dai a sake aiko mata kofi biyu baɗi. Sai da na ba ta ɗaya ta cije, ta ce, "Habsu, Allah ya isa," muka faɗi muna dariya a kan yashi.

Kwashewar ba ta yi wuya ba. Muka toshe bakin fangali, muka cika da ruwa, suka taso da kansu muka bi da rariya. Masu nutsewar ne suka ba mu aiki, sai da muka tankaɗe ƙasar sama. Mun tara su a leda, Ɗanladi zai mayar maka, ka sa a injinka, kada a ce mun yi asarar kayan masana'anta. Yanzu in ka ji Yabawa a bakin rijiya, jikanmu mai inji, jikanmu mai inji. Jikan ya zama namu.

Bokitin na gwada shi. Na kife na zauna a kai, na cika shi na bar wa jakin babanka ya shure. Yana nan. Zanen kuwa ya yi kyau, sai dai kalar ta ƴan mata ce, za a ce ina neman wani mijin.

Saura taki. Ka san ba zan yarda da kai haka nan ba. Na ɗauki ƙwaryar nan dai, na ɗebi ruwa, na zuba cikin hannu biyu, na motsa. Kafin in gyara zama ya narke. Na leƙa, ba na sama, ba na ƙasa, sai fuskata. Na daɗe zaune da karan a hannu. Na tuna kwanakin da nake jin bakina ya raba ni da kai, na yi ɗan kukana a nan cikin albasa inda ba mai gani, in ma an gani a ce albasar ce.

To ga shi ka bar ni ba abin zagi. Buta ba ta yoyo, bokiti bai fashe ba, taki ya narke. Saboda haka ka nemi hutu wurin Alhaji ka zo da kanka kafin a cire albasa. In na zaunar da kai a rana na duba ka da kyau, ba zan rasa ba.

Mai ƙwarya,
Habsu